Tawadar Yatsan Hajjo

Ku yaran gidan nan, na san abin da kuke ji a kaina. Ana ce muku Baffa Habu shi ne wanda ya tona wa mahaifiyarsa asiri a tsakar gida, a gaban 'yan'uwanta da maƙwabta. To, gaskiya ne, an yi haka. Amma masu ba ku labarin daga tsakiya suke farawa, kamar wanda ya shigo gidan kallo an kusa tashi. Ni zan faro muku daga farko, ku da 'yata Hajjo ƙarama idan ta girma ta iya karatu. Ku yi haƙuri da rubutun. A aji biyun ƙaramar sakandare na yi sallama da boko, ko kuma in ce bokon ne ya yi sallama da ni, don hedimasta ne ya rako ni har bakin ƙofa. Daga nan na koma gindin dalbejiyar bakin tashar Babura ina faci. Duk wanda ƙusa ta taɓa huda masa taya a hanyar iyaka ya san ni. Rediyo ake ce mini, saboda bakina ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta.

A lokacin mu kaɗan ne a gidan. Akwai Baba, kakanku, yana saye da sayar da hatsi, rabin abokan cinikinsa mutanen Nijar ne. Akwai Inna. Akwai ni da ƙanwata Hajara, wadda muke kira Hajjo, don babanku Yaya Sule ya riga ya tafi neman kuɗi kudu. Sai kuma Gwoggo Indo, yayar Baba. A Roni ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ƙaninta tana daddawa. Ɗakinta ne na ƙarshe, kusa da turken awaki. Ni da ita kullum cikin tsiya muke.

"Gwoggo, turarenki ya riga ki isowa."

"Ɗan nema. Turaren nan ne ya yi maka miyar da ka lashe kwano jiya."

A wurinta aka yaye Hajjo, kuma tun daga yayen yarinyar ba ta koma ɗakin Inna ba. Tare suke kwana, tare suke cin tuwo. Idan Gwoggo ta ɗora tukunyar kalwa, Hajjo ce mai tura itace. Har mutane suka riƙa ce mata 'yar Gwoggo.

Yanzu sai in koma baya kaɗan, don akwai abin da in ba ku san shi ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ina ƙaramin yaro, Hajjo tana tatata, aka yi shelar za a yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda a ƙofar gidan mai unguwa. Baba zai fita kasuwa ya ce wa Inna lallai a kai yarinyar. Ita kuwa Inna tana tsoron allura kamar me, kuma tana da dalilinta. Wani mai kyamis ya taɓa yi wa Yaya Sule allura ta ruɓe, sai da aka tsaga wurin, har yau in kun lura yana ɗan ɗingishi. Ga kuma surutan da mata ke yi a gidajen suna. Duk yaron da aka yi wa allurar, ana shafa masa tawada a yatsa don a gane. Da rana ta ɗaga sai Inna ta kira ni ɗaki, ta ce in ba ta birona na makaranta. Ta cire bututun, ta hura, tawadar ta fito, ta dangwala ta shafa wa Hajjo a farce da kan yatsa. Ta hura wurin har ya bushe. Hajjo tana ta ƙyalƙyala dariya, ta ɗauka wasa ake mata.

Inna ta ce mini, "Idan Babanku ya ji wannan, ni da kai ne."

Na ce, "To a biya ni birona."

Ta ba ni ƙuli-ƙuli. Da yamma Baba ya dawo, ya kama hannun Hajjo ya duba, ya ce madalla. Shi ke nan.

Da zafi ya shigo, ƙyanda ta zagayo unguwa, ta kama Hajjo kamu mai tsanani. Jiki duk ƙuraje, idanu a rufe, tari kamar ƙirjin zai tsage. Baba har yana faɗa wa mutane wai ga shi an yi allurar ma ba ta hana ba. Allah Ya sa da kwananta a gaba, ta tashi. Ta yi ƙiba, ta shiga makaranta, ta fi ni kai nesa ba kusa ba. Ita ce mai karanta mini saƙon waya idan an rubuto da Turanci, sai ta gama ta ce, "Yaya Habu, kai dai kanka iska ce a ciki kamar tayoyinka." Shekaru suka wuce, kowa ya manta da ƙyanda. Ni ma na manta da biro.

Shekarar da nake son ba ku labari, Hajjo ta kusa gama firamare. Abin a hankali ya faro. Malaminsu ya aiko wai ta daina mai da hankali, ana tambayarta abin da ta sani sai ta yi ta kallon allo. Daga nan ta fara sakin abu. Kofi a hannunta sai ka ji shi a ƙasa. Ranar da ta kawo mini abinci tasha ta saki kwanon a gabana, na ce mata ko awakin tasha ne suka ba ta kwangila. Ta yi dariya, amma na ga tana kallon hannun nata kamar na aro ne. Kafin damina ta kankama sai ga zabura. Tana zaune lafiya sai kafaɗunta su fizga, kanta ya faɗo gaba, ta dawo daidai, can an jima ya sake. Kamar mai shaƙuwa da dukkan jiki. Aka je kyamis, aka je asibitin Kazaure, suka ba da maganin farfaɗiya, suka rubuta takarda suka ce a wuce Kano. Ba a wuce ba a lokacin. Aka tsaya rubutu da hayaƙi da tofi.

Kawu Ila, yayan Inna, shi ya ɗauki Baba a babur suka tafi wurin wani mutum a wani ƙauye ta wajen Gwiwa. Ban je ba, amma abin da suka dawo da shi ya riga su shiga gari. Wai mutumin ya buga ƙasa ya ce kurwar yarinyar a hannun wata tsohuwa take, tsohuwar da ba ta da ɗa, kuma numfashinsu yana haɗuwa da daddare. To ku gaya mini, wannan ai ko ni da aka kora daga makaranta zan ci jarrabawar. Kawu Ila ne ya ba shi labarin gidan tun a zaure, shi kuma ya juya ya sayar musu da kayansu.

Daga ranar aka ɗauke Hajjo daga ɗakin Gwoggo. Aka hana ta taɓa ta. Yara suka daina zuwa sayen daddawa, waɗanda suka saba shigowa suna "Gwoggo a ba ni ta miya" suka koma wucewa da gudu suna tofa yawu a cikin riga. Gwoggo tana zama a bakin ƙofarta, tana jiyo Hajjo daga ɗaya ɗakin tana kiran sunanta da harshen da ya fara nauyi. Ni ne kawai nake zuwa in zauna kusa da ita.

"Gwoggo, in dai da gaske kina cin mutane, don Allah ga Kawu Ila nan. Ya fi tsoka."

Ta ce, "Habu, bari." Ba ta yi dariya ba. Ranar na san abin ya wuce inda bakina yake kaiwa.

Da Hajjo ta daina iya tsayuwa da ƙafarta, na matsa wa Baba sai da ya yarda aka tafi Kano da takardar nan. Ni da Inna muka zauna jinya, shi ya koma kasuwa. Aka jona mata wayoyi a kai, inji yana zana layi. Aka ɗebi ruwa a ƙashin bayanta. Likitar da ke duba ta wata mace ce siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tambayi Inna ko yarinyar ta taɓa yin ƙyanda tana ƙarama. Inna ta ce ta yi. Ta ce an yi mata rigakafi kafin nan? Inna ta ce, "An yi mata." Tana faɗa tana gyara wa Hajjo zane, ba ta kalle ni ba. Ni kuwa a take na ji ɗanɗanon ƙuli-ƙulin nan a bakina.

Da sakamako ya fito na bi likitar har baranda. Na ce mata, "Likita, maganar allurar nan, ba a yi ba." Na gaya mata yadda aka yi. Ta cire tabarau ta murza ido, ta ce dama abin ya ɗaure mata kai. Ta tambaye ni sana'ata, na ce faci. Ta ce to zauna, kai za ka gane.

Ga yadda ta faɗa mini, gwargwadon abin da kaina ya riƙe. Jikin mutum 'yan ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowanne an naɗe shi da tantani mai maiƙo, kamar tiyub. Ita ma ƙwayar cutar ƙyanda tana da nata tantanin, irinsa sak. Ba ta da haƙori, ba ta da ƙafa, ba ta iya fasa ɗaki. Abin da take da shi wasu 'yan turaku ne da aka kafa a jikin tantaninta, likitar ta ce furotin ake ce musu, kuma iri biyu ne suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya mai kamu, ɗaya mai haɗi. Mai kamun shi ke laluben ƙofar da ta dace a jikin ɗaki. Idan ya samu ya riƙe, sai ya zunguri maƙwabcinsa. Shi mai haɗin dama a lanƙwashe yake, a ɗane kamar tarko. Ana zungurarsa sai ya miƙe ya caka kansa a cikin tantanin ɗakin, gindinsa kuma yana nan a kafe a tantanin cutar. Daga nan sai ya naɗe kansa gida biyu, ya jawo fatun nan biyu har su matse. Ba shi kaɗai ba, su da yawa suke kewaye wuri ɗaya su ja tare, don ƙarfin guda ba ya isa. Fatar waje ta fara narkewa cikin ta waje, sannan ta ciki, sai ƙofa ta buɗe a tsakani. Abin da ke cikin cutar ya zube a cikin ɗakin.

Na ce, "Facin wuta ke nan. In na matsa roba biyu a ƙarfe na ba su zafi, ba mai nuna maka inda ɗaya ta ƙare."

Ta ce, "Haka. Sai dai kai rami kake toshewa, ita rami take buɗewa."

Na ce to ai ta warke tun tana ƙarama. Ta ce a yawancin yara jiki yana gamawa da cutar gaba ɗaya. Amma jefi-jefi, musamman in ta kama yaro yana ƙarami ƙwarai, sai wata ta maƙale a ƙwaƙwalwa ta yi shiru. Ɗakunan ƙwaƙwalwa ba su da irin ƙofar da mai kamu yake nema, don haka bai kamata ta iya yawo a can ba. To amma da shekaru suka yi ta tafiya, sai mai haɗin nan ya canza, ya zama sako-sako, kamar kunamar bindigar da ta lalace, ɗan taɓi kaɗan ta tashi. Ya daina jiran a same masa ƙofar kirki. Sai cutar ta riƙa liƙa ɗaki da ɗakin da ke kusa da shi, tana bi ta ciki, ba ta fitowa fili balle dakarun jini su gan ta. Ta ce ruwan da suka ɗiba cike yake da dakarun yaƙi da ƙyanda, sun yi dafifi, amma abokin gaba yana bin ta cikin bango.

Na ce, "A ba ta maganin da zai ɓanɓare facin."

Ta mayar da tabaranta. Ni da nake facin na san amsar tun kafin ta buɗe baki. Ta ce za su ba da abin da zai rage zaburar, a kula da cinta da kwanciyarta. Na tambaye ta da an yi allurar fa. Ta ce da wuya ƙwarai da an zo nan. Sannan ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kada ka ɗora wa mahaifiyarka. Ba ta san haka za a yi ba. Tsoro ne irin na uwa." Ita ma Inna an yi mata bayani a taƙaice, an ce mata ragowar ƙyandar yarinta ce.

Muka dawo Babura da Hajjo a kwance a kan cinyoyinmu. Na ɗauka magana ta ƙare, za a ba Gwoggo haƙuri. Ashe ba haka ba. Da Baba ya tambaya me likitoci suka ce, Inna ta ce, "Sun ce ba su da magani." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Kawu Ila ya ce ai dama, ciwon da ba na asibiti ba ina za su samo maganinsa. Ya ce saura abu ɗaya, a sa tsohuwar ta tsallaka yarinyar a gaban mutane ta sakar mata kurwa. Ku yaran yanzu wataƙila ba ku san tsallake ba. Wanda ake zargi da maita ake sawa ya tsallaka marar lafiya. In ya tsallaka, ya amsa laifinsa ke nan, sunan ya bi shi har kabari. In ya ƙi, duk abin da ya faru shi ya kashe. Babu ƙofar fita.

Na samu Inna a madafa ita kaɗai tana tankaɗe.

"Inna, kin ji abin da likita ta ce. Ki gaya wa Baba."

"Likita ta faɗi nata, na Gwiwa ya faɗi nasa. Wa ya san gaibu?"

"Ni da ke mun san biro."

Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta ce, "Habu, ni na haife ka." Ta ci gaba da tankaɗe. Na tsaya ina kallon bayanta. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito. Ba mugunta ba ce, ku riƙe wannan. Mace ce da ke kwana tana juya 'yarta, kuma in ta yarda da maganar likita to ta yarda da hannunta aka yi. Wa zai iya ɗaukar wannan? Zargin Gwoggo shi ne ɗan wurin da take fakewa ta yi numfashi.

Aka sa rana, bayan la'asar. Ni kuwa na yi shirina. Na yanko tiyub biyu, na kankare, na shafa sholisho, wato gam ɗin faci, na matsa su a ƙarfe na ba su wuta har suka zama ɗaya, sannan na huda tsakiya. Na ce in na nuna musu da ido, na yi musu bayanin likita tiryan-tiryan, za su gane ba sai an kai ga biro ba. Haka na yi ta maimaitawa a tasha har wani direba ya ce ko wa'azi zan fara.

Tsakar gida ta cika. Dangin Inna, matan maƙwabta, wasu ma ta kan katanga. An shimfiɗa tabarma an kwantar da Hajjo, idonta a buɗe, jikinta yana fizga lokaci-lokaci. Baba yana zaune a kan turmi ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon yayarsa. Gwoggo ta fito da wankakken zane, ta tsaya, ta cire takalmanta ta ajiye gefe. Na shiga tsakaninta da tabarmar na ɗaga robata.

Na yi bayani. Wallahi ban taɓa magana mai kyau irin ta ranar ba. Na faɗi tantani, na faɗi mai kamu da mai haɗi, na nuna musu yadda fata biyu ke zama ɗaya, na zura yatsa a ramin. Na ce ƙyandar da Hajjo ta yi tana ƙarama ce ta ɓuya, ba Gwoggo ba ce. Da na gama sai wata mata ta yi 'yar dariya a cikin mayafi. Wani ya ce yau Rediyo ya kamo tashar likitoci. Abin da ban lissafa ba ke nan. Mutumin da ya shekara yana cewa ya ga kifi a kan bishiya, ranar da ya zo da gaskiya da wace fuska za a karɓa?

Kawu Ila ya ce, "Ka gama? To matsa. Ƙyandar da aka yi shekara da shekaru ita ce za ta dawo yau? Kuma yarinyar nan an yi mata allurar ƙyanda. In ma akwai ragowa ai allurar ta kashe ta."

Baba ya ɗago ya ce, "An yi mata, Habu. Ni da idona na ga tawadar a yatsanta. Matsa, kada ka ƙara mana nauyi."

Na waiwaya. Gwoggo ta riga ta tattare bakin zaninta, ta ɗaga ƙafa. Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki ta riƙe labule. Idonmu ya haɗu. Ba ta girgiza kai ba, ba ta yi mini alama ba. Kallona kawai take yi. Na tuna likita ta ce kada in ɗora mata. Na tuna kuma in ƙafar nan ta sauka a ɗaya gefen, ko Gwoggo ta mutu sai an yi gardamar masu wanke ta.

Na ce, "Baba, tawadar birona ce. Ba a kai ta ba. A ɗaki aka shafa mata, ina tsaye."

Akuya ce kawai take kuka a turke. Baba ya juya ya kalli Inna, ya ce, "Haka ne?" Inna ta saki labulen ya rufe ta. Wannan ce amsar. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, masu kan katanga suka sauka. Kawu Ila ya nemi takalminsa ya fita ba sallama. Gwoggo ta sauke ƙafarta inda ta ɗauke ta, ta durƙusa, ta ɗauki kan Hajjo ta ɗora a cinya. Rabonta da taɓa ta tun farkon damina.

Na ɗauka za ta sa mini albarka. Da na matso sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da ka bari na tsallaka."

Na ce, "Gwoggo, da sun ce ke mayya ce har abada."

Ta ce, "Ni nawa ya rage mini? Taki ɗaya ne. Ita kuwa uwarka da sauran tafiya a gabanta, kuma da wannan za ta yi ta."



Baba bai saki Inna ba, bai ɗaga mata murya ba. Shiru ya yi, irin shirun da ya fi duka. Gwoggo ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin Inna, su biyu suka ci gaba da jinya, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta ɗura kunu da cokali. Ban taɓa jin sun tayar da maganar ba. Hajjo ta daina magana, daga baya ta daina gane mu. Ina zuwa daga tasha in zauna kusa da ita in yi ta zuba, in ba ta labarin direban da ya sa buhun gero a madadin kujera, ko da wani lungu a kanta da cutar ba ta liƙe ba tukuna. Wata rana gefen bakinta ya ɗan motsa. Gwoggo ta ce zabura ce. Ni na ce dariya ce, kuma har gobe a haka na bar shi. Bayan an gama girbi ta rasu, da hantsi, a hannun Gwoggo.

Da aka share makoki Gwoggo ta ɗaure kayanta ta koma Roni wurin dangin mijinta. Baba ya roƙe ta har da hawaye. Ta ce ba fushi take ba, amma ba za ta iya sayar wa mutanen da suka hau katanga daddawa ba. A can ta rasu. An yi mata sutura yadda ake yi wa kowa, mata suka yi rububin wankanta. Wannan kaɗai nake riƙewa in abin ya taso mini.

Ni da Inna kuwa, gaisuwa ce ta rage. Ina kwana, lafiya lau. An wuni lafiya, lafiya lau. Tana zuba mini abinci, tana yi mini addu'a in zan yi tafiya. Amma matar da a da nake sa ta dariya har ta riƙe ciki tana cewa in fita mata daga ɗaki, tun daga ranar ko murmushi ban ƙara samu ba. Na gwada duk abin da na iya. In na fara sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Matan unguwa sun daɗe suna nuna ta da baki, ta daina zuwa biki da suna. Gwoggo ta faɗi gaskiya, da shi take tafiya.

Na yi aure, aka haifa mini mace, na sa mata Hajara. Inna ba ta kiran sunan, sai dai ta ce yarinyar nan. Kwanakin baya aka yi shelar allurar ƙyanda. Na rufe wurin faci, ni da kaina na saɓa ta a kafaɗa na kai ta, ta tsala ihu har mai allurar ta ce wannan bakin na gado ne. Da muka dawo Inna tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ta ce, "Kawo ta." Na miƙa mata. Ta kama ɗan yatsan ta juya shi a rana. Ta lashi babban yatsanta ta murza tawadar, ta sake murzawa da ƙarfi har yarinyar ta fara ƙunƙuni. Tawadar ba ta gogu ba.

Ta ce, "Ta asibiti ce?"

Na ce, "Ta asibiti ce, Inna."

Wata magana ta zo mini har bakin leɓe, irin tawa, a kan biro da ƙuli-ƙuli. Na haɗiye ta. Inna ta rungume yarinyar a ƙirji, ta juya mini baya, kafaɗunta suna rawa. Na ji tana cewa a hankali, "Yi shiru, Hajjo. Yi shiru, an gama."

Na ɗauki tiren waken na ci gaba da tsincewa.